Kayan ɗakin ɗiyata: in cika ɗaki da roba ko in sayi kaɗan masu ƙarko?

Maman Hadiza, Bagalam

Salamu alaikum jama'a, ina wuninku ina gajiya. Don Allah shawara nika nema kuma ku yi haƙuri in na ja zance, abin ya kwana biyu shina cina a rai. An sa ranar auren ɗiyata ta fari bayan babbar salla, babanta ya ɗauki gado da katifa da armuwar, ni kuma kayan girki da na jere sun faɗo kaina. Abin da ke hannuna kuɗin adashe ne da na kwasa sai kuɗin tunkiya guda da na saida, duka-duka jika ɗari da hamsin na sefa, kuma tunda ba a fafe gora ranar tahiya na fara zagaya kasuwa tun yanzu.

Abin da ya sa nike jin tsoro shi ne bana kaɗai, daga azumi zuwa faɗuwar ruwa, bokiti ukku na saya a gidana. Na farko shuɗi ne mai kyau kamar ka lasa, dala ɗari da hamsin, muna aje shi bakin pompo, bai yi wata biyu ba ya koɗe ya koma kamar toka, rannan na ciko shi na ɗaga sai kunnen ya ɓalle ya bar ni da mariƙi a hannu ruwa ya wanke mini zane. Na biyu yaro ne ya dire shi bisa siminti, ba ma da ƙarhi ba wallahi, gindin ya tsage. Na kai ma mai liƙi ya sa wuƙa cikin garwashi ya narka wata 'yar roba ya shafe tsagar, na ba shi dala ashirin, kwana tara ya yi ya sake buɗewa ta gefen liƙin. Na ukku shi ne muke lallaɓawa yanzu. Alhali akwai wani bokitin ƙarhe na innarmu da ta zo da shi gidan aure tun ba a haife ni ba, sau biyu maƙeri ya canza mishi gindi, har yau da shi muke ba awaki ruwa.

Bayan madahinmu akwai wani lungu da maigidan ke ce ma maƙabartar roba. Fasassun baho, marufan kula da ba a san ina uwayensu suke ba, termos da kwalbarshi ta fashe, tocila 'yan shinuwa sun kai shidda, kujerar roba mai ƙafa ukku. In na tsaya na dube su sai in ga kuɗina ne zube rana na cinsu.

To ga matsalar. Gwaggwanninta sun ce dole a yi saitin kula biyar, da durowar roba, da tangaran, da tukwanen nan da abinci bai kamawa, ɗaki ya cika har sama kar dangin miji su yi mana dariya ranar jere. Ni kuma raina ya fi kwanciya da in sai mata abu kaɗan wanda za ta shekara goma tana mora. Mi kuka gani? Kuma masu sani ku faɗa mini yadda ake gane robar ƙwarai, sannan tukunyar dalma da ake zubawa nan garin Maradi na ji wasu na cewa tana da illa, gaskiya ne ko zance ne?

Alhaji mai roba, babbar kasuwa

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin. Ni abin da kike kuka da shi shi nike saidawa shekara goma sha tara ke nan, don haka bari in faɗi gaskiya ko da za ta rage mini ciniki.

Galibin robar da ke kasuwar nan daga Kano take, kamfanonin Sharada da Bompai da Challawa, mu kan yi lodi a Ƙofar Wambai a biyo ta Katsina, Jibiya, Dan Issa. Bokiti biyu za ki gani kamanninsu ɗaya don injin guda ya fiddo su amma abin da anka zuba ciki daban ne. Akwai na sabuwar ƙwayar roba, akwai na niƙa. Niƙa ita ce wannan maƙabartar taku, 'yan gwangwan su saye a kilo, a niƙe a wanke a narka a sake bugawa, kuma duk narkawa ɗaya roba na rage ƙwari. Wasu har wani farin gari kamar alli suke haɗawa don ta yi nauyi a hannu ki zaci kalite ce, alhali shi ke sa ta tsage kamar ƙwai. Tun da naira ta faɗi a 2023 kuma kayan haɗi sunka yi tsada na lura da wani abu, maimakon a ƙara kuɗi sosai sai a rage kauri. Na taɓa aza tsohon bokiti da ya kwana a sito da sabo mai suna iri ɗaya bisa sikeli, ni kaina sai da na riƙe baki.

In kin zo saye kar ki ji kunyar mai kanti. Ɗaga bokitin ki sa shi tsakaninki da rana, in kin ga haske na ratsa gindin wani wuri fiye da wani, ko kin ga ɗigo-ɗigo da zane-zanen wata kala ciki, niƙa ce. Matsa bakin da yatsa biyu, robar ƙwarai za ta lanƙwasa ta koma yadda take, ta banza za ta bar farin tabo wurin da kika matsa, wannan tabon nan za ta fara tsagewa. Dubi kunnen da mariƙi ke shiga don nan bokiti ke mutuwa, in siriri ne aje shi. Sunsuna, in tana warin ƙonannen abu kar ki sa ruwan sha ciki. Sannan juya gindin akwai wata 'yar alama mai kusurwa ukku da lamba ciki, 2 ko 5 su ne na bokiti da kwanon abinci, lamba 1 ita ce ta gorar ruwa da lemo, wannan ba ta son zahi, masu zuba kunu mai tururi ciki su daina.

Amma Hajiya ke ma da naki laihi, ki gafarce ni. Bokiti bakin pompo tsakar rana? Ranar Maradi ta watan huɗu da na biyar da ke wuce digiri 40? Ko wace irin roba ce rana na cinye ta, koɗewar da kika gani ita ce alamar rana ta riga ta ci ta. Baƙar roba ta fi jure rana shi ya sa manyan tankunan ruwa galibi baƙaƙe ne, sai dai baƙin bokiti mai araha shi ne matattarar niƙa don baƙi na ɓoye komi, a bar shi ma wanki da shara. In ƙarko kike so tsakani da Allah ba ado ba, samu bidon ɗin man girki mai ruwan ɗorawa ɗan lita 25, a wanke da omo da ruwan zahi a yanke saman a sa igiya, zai binne bokitina biyar. Kar dai a ɗauki wanda anka zuba esansi ko maganin ƙwari.

Kuma kar a aza mana laihin duka. Mace za ta zo in nuna mata na jika biyu in nuna mata na dala ɗari da hamsin, in rantse mata da bambancin, ta ce Alhaji ai duk roba ce ta ɗauki mai arahar. Masu kyan suna nan ƙura ta rufe su, kuɗina ya kwanta. Lokacin da anka rufe iyaka a 2019 da kuma 2023 kaya sunka yi wuya, ko wanda ke sayen mai kyau da can ya koma ma mai araha. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubda ruwa.

Hajiya Inna, Mokoyo

Jikata ke rubuta mini ni ina faɗi, in an ga kuskure nata ne. Maman Hadiza ɗiyata, Allah ya sa a yi da mu. Ki bar ganin gwaggwannin nan kamar sun zo da sabon abu, cika ɗaki don idon mutane tun kakanninmu ake yi. Ni an yi mini arme a 1986, jeren da anka yi mini samira ce da langa da fanteka da tasoshi an ɗora wani bisa wani har suna taɓa azara, ƙoren jere kuwa farare ƙal an rataye, kuma rabinsu har na aurar da ɗiyata ta fari ban taɓa zuba ko ruwa ciki ba. Kenan mu ma mun yi don ido.

Bambancin guda ne. Namu jeren dukiya ne. Shekarar da anka karya darajar sefa, 1994, komi ya ninka, maigidana Allah ya jiƙanshi aiki ya tsaya mishi, na sauke saitin fanteka guda na ba dillaliya ta kai gidan da za a yi biki, kuɗin da ta kawo mini hatsi na auna da su munka ci har kaka. Yau ki ɗauki durowar roba da ta shekara biyu ki ba dillaliya ki gani ko za ta karɓa. Abin da uwa ke ba ɗiyarta a ɗaki ba na girki ba ne kaɗai, abin da za ta kama ne ranar da babu, ba tare da ta roƙi miji ko ta koma gida da kuka ba.

Kuma kayanmu ba su mutuwa lokaci guda, sauka suke yi daki-daki. Langa ƙarhe ce anka shafe da wani abu kamar gilashi, in ta faɗi ta ɓantare tsatsa ta shiga nan, to ta bar gaban maigida ta koma ta yara, in ta huje ta koma ta dusar awaki, in ta ƙare sarai a riƙa ɗibar wuta da ita daga maƙwabta. Ƙwarya in ta tsage gyartai na zagayawa unguwa ya ɗinke ta tsaf ta koma ta bakace. Yanzu jikata da ke rubutun nan tambayata take mi ne ne gyartai, kun ji fa. Roba kuwa yau tana amarya gobe tana juji, babu tsakiya.

Ba na ce komi na da ya fi ba, kar a ce tsohuwa ta fara. Ƙwarya in ba a wanke an kife ta a rana ba funfuna take ta yi wari, yaran yanzu ba su da wannan haƙurin. Tabarmar kaba da ake kawowa daga wajen Mayahi, can Gulbin Kaba, ta fi ta roba sanyin kwanciya nesa ba kusa ba, ta roba in rana ta buge ta ko ƙafa ba ka iya ɗorawa kuma in ta tsufa zare-zarenta ke bin tsakar gida kaji na ci, amma ta kaba gara na cinta kuma kuɗin cizo na son ta. Wannan gaskiya ne.

Abu guda da ba zan yarda a fidda amarya babu shi ba, randa. Lokacin da Najeriya ta yanke mana kuran a 2023 masu firigo da kwanukansu suke zuwa gidana roƙon ruwan sanyi, ni da randata biyu ƙarƙashin bedi bisa jiƙaƙƙen yashi. Randa zufa take yi iska na busarwa shi ke sanyaya ruwan, ba ta neman kuran na Nigelec. A sa mata marufi da moɗa guda mai mariƙi kar kowa ya tsoma hannu. Sai turmi na icce mai nauyi da taɓarya, da tukunya, da faifai, da ƙwarya ko biyu don fura, fura a roba ai sai dai yunwa.

Amaryar Ali Dan Sofo

Tanti Maman Hadiza ina wuni, Inna a gafarce ni zan ɗan saɓa. Ni shekarata biyu da aure kuma ni ce na zamna cikin lulluɓi ina jin dangin miji na ƙirga kula da baki, wata har tana buɗe armuwar. Ku da kuke waje kuna maganar ƙarko, ita Hadiza ce za ta zamna da mutanen nan. Ina da ƙawa da mamanta ta yi wannan tsarin na kaɗan mai kyau, tukwanenta masu nauyi ne na gaske, amma har yau in sun yi faɗa da ƙanwar mijinta sai ta ce mata wadda anka kawo da tukunya ukku. Gori ba shi tsufa Tanti.

Kuma ba duk roba ce abin zagi ba. Gidan haya muke, sau ukku muna tashi, randar da kakata ta ba ni a tashin farko ta fashe bisa amalanke, tangaran rabi ya tahi a na biyu, robobin ne sunka tsira don ba su da nauyi. Bokitin ƙarhe in an cika shi mai ciki ba ta iya ɗaga shi, ga tsatsa ga bakin na yankan yaro. Buta da bahon wankan jariri wa zai koma na ƙarhe yanzu?

Amma in faɗa miki inda kuɗin mamana sunka ƙone don kar naki su bi. Saitin kula biyar anka yi mini, biyu nike aiki da su, sauran na saman armuwar sun yi ƙura, ɗaya ma da na sauko da ita da salla robar marufin ta bushe ta karye a hannuna ba a taɓa zuba komi ciki ba. Tukwanen da abinci bai kamawa wata guda sunka yi, na tuƙa tuwo da muciya na kankare da soson ƙarhe baƙin ya riƙa tashi ɓawo-ɓawo yana bin miya, ba don tuwonmu anka yi su ba. Durowar roba ta lotsa ta tsakiya ba ta rufuwa. Injin markaɗe kuran ya zo da ƙarhi ya ƙone shi ranar da na fara jona shi. Kula kuma ki faɗa mata kar ta tsoma ta cikin ruwan wanke-wanke, bango biyu gare ta da soso tsakani, in ruwa ya shiga ta bakin haɗin ba shi fita sai ta riƙa wani wari da ba a san daga ina ba.

Shawarata ki raba kuɗin, abin da zai sha wuta da rana da ruwa kullum ki sayi na ƙwarai, na ido ki sayi daidai rufin asiri, saura ki yi aro wurin 'yan uwa a jera bayan sati biyu a maida, ana yi wallahi ba ke za ki fara ba. Sannan ku duka ba wanda ya ce a tambayi ita amaryar mi take so.

Ɗan gidan zubi

Hajiya tambayarki ta tukunya ba a amsa ba, ni sana'ar gidanmu ce tun ina ɗan shekara goma nike juya keken zuga. Suna ne kawai tukunyar dalma, ainihin ƙarhen alminiyom ne. Muna sayen gwangwanayen lemo da tsofaffin tukwane da fiston da sauran kayan injin mota da firem ɗin taga, a narka cikin kasko bisa gawayi, alminiyom sai wuta ta kai wajen digiri 660 yake zama ruwa. Ana danna tsohuwar tukunya cikin jiƙaƙƙen yashi mai laushi a akwati biyu a cire ta, siffarta ta zamna, a zuba narkakken ƙarhen ta wata 'yar kafa, in ya huce a fasa yashin a goge da zarto. Shi ya sa tukunyarmu in ta huje ko ta tsufa ba ta zama shara, kawo ta a auna ki cika kuɗi kaɗan a zuba miki sabuwa, ta kakarki ma tana iya zama cikin wadda kike girki da ita yanzu.

Maganar illa ba zan ce ƙarya ce ba. Dalma ta gaskiya, irin ta cikin batirin mota da ta liƙin radiyeta, guba ce musamman ga yara da mai ciki, kuma tana narkewa tun wajen digiri 327, kenan in mai zubi bai tsince tarkacenshi ba ya watsa komi cikin kasko za ta bi ta shige tukunya kuma ido ba shi ganinta. Babanmu in ya ga yaro ya jefa abin da bai sani ba cikin wuta sai ya sha mari. Amma ba kowa ke da wannan tsoron Allah ba, yanzu tarkace ya yi tsada masu saye suna lodawa waje. Don haka ki je wurin wanda anka sani, ko mafi kyau ki tara tsofaffin tukwanenki da gwangwanaye ki kai a zuba miki kina tsaye.

Wurin zaɓe, ki ƙwanƙwasa da cokali ki ji ƙara ta tashi tas ba dum ba, ki shafa cikin ki ji babu ramuka, ki sa a zuba ruwa a aje bisa busasshen wuri minti kaɗan don akwai huji kamar na allura da ba a gani sai an ɗora a wuta. Gindi ya yi kauri, marufi ya zamna daram. Sabuwa a fara tafasa ruwa da dusa a zubar sau biyu kafin a yi abinci. Kuma ko tukunyar wa ce, kar a bar miyar yakuwa ko tsamiya ko tumatir ta kwana ciki, tsami na cin alminiyom, kanwa ma haka ita ke sa cikin ya yi baƙi ya yi ƙuraje. A gama a juye. Ga amarya tukwane masu girman lamba 2 da 3 da 5 sun ishe ta, babbar ta suna in lokacin ya zo a yi aro a unguwa kamar kowa.

Baban Sani, mahauci, Sabon Gari

Ni ba ruwana da jere, amma da na ji Hajiya ta ce tunkiya ta saida sai na ce bari in sa baki. Fasasshen bokiti da kujera aƙalla 'yan gwangwan na saye, ki kira su su kwashe maƙabartar nan su ba ki ko na cefane ne. Abin da ba mai saye shi ne baƙar leda da ledar piya wata, kuma su ne ke ƙarewa a cikin bisashenku. Watan jiya wata baiwar Allah ta kawo mini akuya, ta ce tana ci amma kullum ramewa take, gashi ya tashi ciki ya yi tauri kamar dutse, an yi allura an yi bauri ba sauƙi. Da na yanka na buɗe tumbin abin da na jawo wani dunƙule ne baƙi ya murɗe kamar gammo, leda da igiyar buhu da zaren tabarmar roba da Inna ta faɗa, sai da na sa hannu biyu. Matar ta zamna ta yi ta salati. Wannan ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, duk mahaucin garin ga ya san shi.

Kuma doka na nan fa, tun watan Nuwamba 2014 anka yi dokar hana shigowa da saida irin wannan ledar a Nijar, amma je ki sayi tattasai na dala biyar a ƙulla miki a leda, magi a wata ledar, a haɗa su a ta ukku. Ƙasar Ruwanda sun hana tun 2008 su kuma sun tsaya a kai. Mu kuwa sai damina ta zo kanibo ya toshe, kun dai ga ruwan ƙarshen watan takwas na 2024 yadda ya yi da gidaje da rayuka a garin nan, Allah ya jiƙan waɗanda sunka rasu. Ban ce leda ce ta kawo ruwan ba, tsofaffi na faɗin ambaliyar 1945 da ta sa gari ya tashi daga bakin gulbi ya hau tudu lokacin ko leda babu, amma ruwan da ya tarar da hanyarshi a cushe cikin gidan mutane zai shiga. A sa ma amarya kwandon cefane da 'yar roba mai marufi ta sayen mai da markaɗe, kuma don Allah mata a bar hura wuta da leda, hayaƙin nan ku da goyonku ke shaƙa.

Alhaji mai roba, babbar kasuwa

Baban Sani kai ma da ka gama wa'azin nan a baƙar leda kake ƙulla ma mutane nama, jiya ma na saya wurinka.

Maman Hadiza, Bagalam

Na gode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci, Inna Allah ya ƙara lahiya da nisan kwana. Ran Juma'a na shiga kasuwa na yi yadda Alhaji ya ce, ina ɗaga bokiti sama ina leƙen rana har yaron kantin ya ce Hajiya wata kike nema? Cikin guda bakwai da na matsa biyar sun yi farin tabo. Na ɗauki biyu masu lamba 5 da baho guda, sun ci kuɗi amma hannu ma ya san bambanci. Tsofaffin tukwanena huɗu da sunka huje na haɗa da buhun gwangwani da yara sunka tara, gobe babansu zai kai wurin zubi ya tsaya a kai. Randa na yi sallahu wurin wata mai kawowa daga ƙauye, ko ta fashe a tashi ba ta kai kuɗin kula guda ba.

Amarya na bi maganarki na tambayi Hadiza, ashe ita tukwanen da ba su kamawa ba su dame ta ba, termos mai kyau take so da butel ɗin gaz ƙarami don ba ta son hayaƙi, sai wani baho ruwan hoda da ta gani wanda na matsa ya yi fari fat amma ta ce ita dai shi, na saya mata don kar a ce. Kula na tsaya a saiti biyu, ƙanwata za ta ara mana biyu na jere. Babbar gwaggonta ta yi fushi ta ce in abin ya zama abin magana ba ruwanta, na ce to ta kawo durowar a matsayin gudummawarta, tun rannan ba ta sake tada zancen ba.

Bokitin innarmu na ce zan sa a goge a ba Hadiza, ta ce wai Mama na awaki? Na bar shi. Na ukkun nan kuwa da muke lallaɓawa yau da sahe ya bi 'yan uwanshi, don haka Alhaji in kana da bidon ɗin man da ba a taɓa zuba komi ba bayan mai ka aje mini biyu, zan aiko yaro ran Litinin.